Kukan Kurciya Jawabi Ne

Gabatarwa

Akwai wata tuhuma da ta zama ruwan dare a ƙasar Hausa cikin 'yan shekarun nan. Ana jin ta a majalisun dattawa, ana jin ta a bakin wasu masu wa'azi, har ma a shafukan sada zumuntar da ake tuhuma ɗin ana karanta ta. Tuhumar ita ce wai mutanen yanzu sun zubar da kunya, sun mayar da cikinsu kasuwa, duk abin da ya same su sai sun zazzage shi a Facebook ko a zauren WhatsApp, a gaban mutanen da ba su taɓa haɗa ido da su ba. Wai mace gas ya ƙare mata tana tsakiyar tuƙa tuwo, sai ta rubuta. Magidanci an koro masa yara saboda kuɗin makaranta, sai ya rubuta. Saurayi tela ya yaudare shi daren salla, shi ma sai ya rubuta. Daga nan sai mai tuhuma ya gyara zama, ya jawo karin maganar da ya fi ƙauna: ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ni ina bayan waɗannan da ake tuhuma, kuma wannan muƙala kariya ce gare su. Masu tuhumar sun jahilci tarihin zamantakewar Bahaushe, sun ɗora wa addini abin da bai faɗa ba, sun kuma kau da kai daga halin da talaka yake ciki. Mafi muni, sun bar jaki suna dukan taiki, domin akwai masu ɓarna na haƙiƙa a waɗannan shafuka, amma ba su ne ake nunawa da yatsa ba.

Me Ake Rubutawa?

Kafin a yanke hukunci, adalci ne a duba abin da ake ƙara a kansa. Duk wanda ya leƙa waɗannan zauruka da idon basira zai tarar mafi yawan abin da ke cikinsu ƙananan al'amura ne na yau da gobe. Wata ta ce jaririnta ya fara haƙori, kwana uku ba ta runtsa ba. Wani ya ce an ɗauke wuta tun shekaranjiya, kayan miyan da ke firji sun lalace. Wani ya ce mai adaidaita sahu ya dawo masa da wayar da ya manta, a taya shi godiya. Wata ta ce yau ta yi saukar karatu bayan ta haifi 'ya'ya biyar. Wannan ya samu aiki, wancan an sallame shi. Wata kuma tambaya take yi, yaya ake adana tumatir idan ya yi araha? Amsoshin ma ba su wuce irin waɗanda muka saba ji ba: Allah ya kawo sauƙi, Allah ya sanya alheri, ki yanka ki shanya shi, mu ma nan unguwar haka muke.

Mai raina waɗannan kalmomi bai san nauyin “mu ma haka muke” ba. Ka ɗauki magidancin da ya kwana yana zaton shi kaɗai ne ya kasa sayen buhun shinkafa, yana zargin kansa da gazawa, yana jin nauyin haɗa ido da iyalinsa. Idan ya ji mutum ashirin sun ce su ma da gwangwani suke awo, yunwarsa ba ta tafi ba, amma matsalarsa ta sauya suna. Ta tashi daga zama aibinsa shi kaɗai, ta koma halin ƙasa. Tsakanin mutumin da ke ganin kansa a matsayin wanda ya gaza da wanda ya san guguwa ce ta haɗa da kowa, akwai tazara mai faɗi, kuma a cikin wannan tazara ake rasa aure, ake rasa lafiya, wani lokaci har hankali.

Bahaushe Bai Taɓa Zama Bebe Ba

Masu tuhuma suna magana kamar kakanninmu sun rayu ne da baki a ɗinke. Mu dubi gaisuwarmu kawai. Ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya iyali, yaya kasuwa, yaya sanyi, yaya mai jiki, yaya haƙuri. Al'ummar da ba ta son jin labarin juna ba za ta ƙagi jerin tambayoyi irin wannan ba. Gaskiya ne amsar farko kullum ita ce lafiya lau, ko da mutum yana kan gadon asibiti ne. Sai dai kowa ya san lafiya lau sallama ce a bakin ƙofa. Idan aka shimfiɗa tabarma aka sha ruwa, sai ka ji an ce “dama…”, daga nan kuma ainihin magana take fitowa.

Wannan “dama” tana da wuraren da aka tanada mata. Maza suna da zaure, da majalisar gindin bishiya, da rumfar kasuwa, da bencin mai shayi. Mata suna da wurin daka da sussuka, da zaman kitso, da gidan barka da na suna, da gajeriyar katangar da maƙwabciya ke leƙo kai ta kanta, ga kuma ƙawa da aminiya. Samari da 'yan mata suna da dandali. A waɗannan wurare ake sanin wanda rumbunsa ya ƙare kafin kaka, da wadda mijinta ya juya mata baya, da wanda ɗansa ya gagare shi. A nan kuma ake haɗa gudummawa, ake tura dattijo ya yi sulhu.

Shaida mafi ƙarfi ita ce Baba mutuniyar Karo. Tsakanin 1949 da 1950 wannan dattijuwa ta zauna da wata Baturiyar Ingila mai suna Mary Smith a ƙasar Zazzau, ta ba ta labarin rayuwarta tun daga ƙuruciya: aure-aurenta huɗu, da rashin haihuwarta, da zama da kishiyoyi, da ƙawayenta, da yadda mahara ke kame mutane kafin zuwan Turawa. An buga littafin a 1954, kuma har yau masana suna dogara da shi wajen sanin yadda matan karkararmu suka rayu. Baba tsohuwa ce ta zamanin da ake cewa kunya ta cika, ga shi kuwa ta buɗe cikinta ga baƙuwar da ba dangin iya ba na baba. Da ta bi shawarar masu tuhumar yau, da duk wannan ilimi ya bi ta kabari a 1951.

Sanayya daga nesa ma ba wayar hannu ce ta kawo ta ba. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, ƙarƙashin editanta Abubakar Imam, masu karatu suke aiko da wasiƙu suna faɗin abin da ke damun su da garuruwansu. Wanda ya girma da akwatin rediyo ya san shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, inda mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka haddace sunayen juna, suna aika wa juna gaisuwar aure da ta haihuwa shekara da shekaru. Daga baya aka samu shirye-shirye irin su Inda Ranka na gidan rediyon Freedom a Kano, waɗanda jarinsu shi ne labarin talaka da abin da ya same shi a unguwarsa. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, ta tarar da ɗabi'ar a zaune. Abin da ta yi kawai shi ne ta cire edita da mai gabatarwa daga tsakani.

To, me ya canza? Wuraren da na lissafa ne suka rushe. Zaure ya koma shago ko gareji. Katanga ta ƙara tsawo, an ɗora mata waya mai ƙaya. Injin niƙa ya kori turmi, ɗan garuwa ya kori bakin rijiya. Yarinyar da aka ɗauko daga Gumel aka kai ta ɗakin haya a Legas ko Mararraba, miji ya fita tun asuba, maƙwabta kowa ya ja ƙofarsa, wace katanga za ta leƙa? Masu tuhuma sun kalli rushewar zaure ba su ce uffan ba, sai da mutane suka gina wani a cikin waya sannan bakinsu ya buɗe.

Za a ce ai zumunta a ƙafa take. Haka ne, amma a tambayi ƙafar nawa take ci yanzu. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. A tambayi lafiyar hanyar kuma. Wa ya manta da harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris, 2022, ko yadda hanyar Birnin Gwari ta zama abin tsoro? Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyaka wata da watanni, 'yan'uwa a Katsina da Maraɗi, da na Illela da Ƙonni, suka koma sai dai murya. Wanda ke zagin zumuncin waya a irin wannan hali, sai ya fara biya wa mutane kuɗin mota, ya kuma ba su tabbacin za su dawo gida.

Don Me Sai Baƙo?

Tambayar da ta fi kowace ƙarfi a hannun masu tuhuma ita ce, in dai sai an faɗa, don me ba za a faɗa wa na gida ba? Amsar tana cikin tsarin kunyarmu. A gidan da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, da wane baki ɗan zai faɗa mata cewa baƙin ciki na hana shi barci? Amarya da aka sallame ta da nasihar yi-na-yi bari-na-bari, idan ta dawo da kuka, sau da yawa kafin ta kai ƙarshen maganarta an ce ta ɗauki mayafinta ta koma, aure ɗan haƙuri ne. Babban wa da ƙanne goma ke kallon hannunsa ba zai iya tara su ya ce aljihunsa ya bushe ba. Sannan ɗan'uwa idan ya ji sirrinka yana tare da kai har abada. Zai iya kai shi taron dangi, zai iya yi maka gori da shi bayan shekara ashirin. Baƙon nesa kuwa ba ku haɗa gado ba, ba ku haɗa miji ba, ba shi da ribar da zai ci a faɗuwarka. Wannan nisa shi ne ya sa kunnensa ya fi sauƙin samu.

Akwai kuma amfanin da ya wuce sanyaya zuciya. A 1973 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya wallafa binciken da ya yi suna ƙwarai. Ya tambayi mutanen da suka sami sabon aiki a wani gari kusa da Boston ta hannun wa suka ji labarin aikin, sai ya tarar yawancinsu ta bakin waɗanda ba su cika haɗuwa da su ba ne. Dalilin a fili yake. Na kusa da kai abin da ka sani shi suka sani, inda kake shiga nan suke shiga. Wanda kuka yi sanin shanu da shi kuwa yana wata duniyar, da wasu ƙofofin. Shi ya sa idan aka rubuta cewa ana neman jini ga mai haihuwa a asibiti, ko ana cigiyar yaron da ya ɓata, ko ana neman wanda ya san likitan ƙashi, sau da yawa wanda zai amsa mutum ne da ba a taɓa shan ruwan gidansa ba.

Batun Addini

Wasu kan ce mumini Allah kaɗai yake kai wa kuka. Babu mai musun cewa haƙuri da ƙaddara ginshiƙi ne, kuma fushi da hukuncin Ubangiji halaka ne. Amma malamai sun daɗe da bambance wannan da faɗin halin da mutum ke ciki don neman taimako ko shawara. Khaulatu 'yar Sa'alaba ta kai ƙarar mijinta wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a kore ta ba, har ma sura ta 58 a Alƙur'ani, Mujadala, ta samo sunanta daga wannan jayayya tata. Hindu 'yar Utba ta faɗi rowar mijinta Abu Sufyan a fili, aka ba ta hukunci, ba a ce ta tona asirin aure ba. Imamu Nawawi a Riyadus Salihin ya lissafa wurare shida da ambaton aibin wani ya halatta, cikinsu har da kukan wanda aka zalunta da tambayar mai neman fatawa.

Za a ce waɗannan sun je wurin mai hukunci ne, ba su tsaya a kasuwa ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya a kan abin da ya shafi aibin wani, kuma zan dawo kanta. Amma ciwon mutum na kansa, da talaucinsa, da rashin da aka yi masa fa? Addinin da ya ɗora wa al'umma duba marar lafiya, da yin ta'aziyya, da yaye wa ɗan'uwa baƙin ciki, bai yi haka don kowa ya kulle ƙofa ya mutu shiru ba. Ta yaya za a duba majinyacin da ya ɓoye ciwonsa?

Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi

Yanzu mu dubi ƙasar da ake cewa a yi shiru a cikinta. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa 'yan Najeriya miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu a Arewa suke. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya jefa jama'a cikin ƙarancin tsabar kuɗi, mutum yana da kuɗi a banki amma ba zai iya sayen koko da ƙosai ba. Wa ya riƙa faɗa wa mutane na'urar cirar kuɗin da ke aiki, da mai shagon da ke karɓar taransifa? Waɗannan zaurukan da ake rainawa ne. Da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, ta wayoyi aka riƙa sanar da inda mutane suka maƙale, ta nan aka riƙa cigiyar 'yan'uwa, ta nan aka haɗa gudummawa daga garuruwa masu nisa.

Kada wani ya ce ai wannan babban lamari ne, daban yake da surutun gas da tela. Hanyar da aka saba bi kullum ita ake bi ranar gudu. Mutanen da suka shekara suna yi wa juna sannu a kan ciwon haƙori su ne suka san muryar juna, suka yarda da juna, har ranar ambaliya wani ya tura kuɗinsa ba tare da ya nemi shaida ba. Wanda yake son ya san darajar wannan ƙaramar hira, ya tambayi mutanen Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna yadda suka ji a 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa makonni da dama saboda matsalar tsaro, har mutum ya riƙa yin doguwar tafiya zuwa wata jiha don kawai ya ce wa nasa yana raye.

Akwai kuma ciwon da ba a gani. Sai a Janairun 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka. Likitocin wannan fanni a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 'yan ɗaruruwa ne kawai, kuma a wurinmu duk wanda aka gani a ƙofar asibitinsu an riga an raɗa masa suna. Ƙasashen da suka fi mu likitoci ma sun gane kaɗaici cuta ne: Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Mu da ba mu da wannan gata, sai kuma mu toshe 'yar kafar da mai jego ko bazawara ko marar aikin yi ke shan iska ta cikinta? Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Wa Shiru Yake Yi Wa Amfani?

A lura da wani abin mamaki. Idan mai hali ya sa hoton sabuwar motarsa, ko na hutunsa a Dubai, ko na lefen 'yarsa akwati goma sha biyu, abin da ke biyo baya shi ne masha Allah da fatan alheri. Idan talaka ya rubuta cewa yau garin kwaki ya kwana da shi, sai a ce ba shi da godiya, ya zubar da mutuncin gidansu. Ashe ba faɗin sirri ake ƙi ba, tunda arziki ma sirri ne. Abin da ake ƙi shi ne a ji labarin da ke hana ƙoshi daɗi. Shirun talaka yana yi wa mutane da yawa amfani. Yana yi wa shugaban da ke son a ce kowa na cikin walwala. Yana yi wa mai gidan da ke riƙe albashin ma'aikatansa wata uku. Yana yi wa mijin da ke dukan matarsa ya fito masallaci da farar riga. Yana yi wa attajirin dangi da ba ya son a san ɗan ƙaninsa ya bar makaranta saboda naira dubu ashirin. Duk lokacin da ka ji an matsa wa mai rauni lamba ya rufe baki da sunan kunya, duba da kyau ka ga asirin wa ake rufewa.

Ga Jakin Nan

Ban ce waɗannan shafuka aljanna ba ne. Ɓarna tana nan jingim, sai dai a kira masu ita da sunansu. Na farko shi ne mai ɗaukar hoton abin da wata ta rubuta a zauren mutum talatin da ta amince da su, ya watsa shi ga dubbai don a yi dariya. Ita ta yi abin da Bahaushiya ta saba yi a wurin kitso, shi kuwa ya yi aikin annamimi, amma sai ka ji ana cewa ita ta jawo wa kanta. Na biyu shi ne mai amsa kuka da izgili, wanda idan mutum ya ce ya gaji da rayuwa zai ce masa ya daina neman suna. Na uku shi ne ɗan damfara da ke ƙirƙiro majinyacin ƙarya ya tara kuɗi, ya sa gobe a ƙi taimakon mai gaskiya. Na huɗu shi ne mai isa wurin haɗari ya zaro waya yana ɗaukar gawa da masu rauni, har uwa ta fara ganin gawar ɗanta a allon waya kafin a zo mata da labari.

Na biyar, wanda ya fi kowa samun tafi, shi ne mai ƙaryar arziki, mai aron mota da ɗaki da fuska don ya kece raini. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna kamfanin da kansa ya gano Instagram yana ƙara wa wasu 'yan mata ƙyamar surar jikinsu. Abin da ya cutar da yaran nan shi ne auna kansu da rayuwar da aka goge aka shafa wa mai. Mai rubuta cewa tuwonta ya ƙone yau ita ce maganin wannan cuta, domin tana tuna wa kowa cewa gidan kowa akwai inda yake yoyo.

Akwai iyaka guda da ya wajaba mai ba da labari ya tsaya a kanta, kuma a nan ne maganar masu cewa a je wurin mai hukunci take da gurbi. Ciwonka naka ne, kana da ikon faɗinsa. Sirrin wani kuwa amana ne. Matar da ta ce tana cikin ƙunci a aurenta tana neman shawara ta yi daidai. Wadda ta sa sunan miji da hotonsa da abin da ya gudana a ɗaka ta shiga haƙƙin da alƙali ne ya kamata ya saurara. Haka uban da ke sa hoton ɗansa yana kuka don ya faɗi jarrabawa: yaron zai girma, hoton kuwa ba ya tsufa. Magana zarar bunu ce tun a da, balle yanzu da ake adana ta. Muna da dokar laifukan intanet ta 2015 da ta kare bayanan jama'a ta 2023, sai dai an fi jin amon ta farkon idan an taɓa mai mulki. Ranar da za a ga ta tsaya wa bazawarar da aka watsa sirrinta, ranar za mu san an yi ta don kowa.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Wanda ya rubuta cewa gas ya ƙare, wataƙila gas ɗin ne kawai. Wataƙila kuma ita ce “dama” ɗinsa, yana gwada ƙofa ya ga ko akwai mai cewa shigo. Aikin mai karatu shi ne ya bambance, ya amsa da addu'a inda addu'a ta isa, ya bi ta bayan fage da tambaya inda ya ji alamar abin ya wuce haka, ya miƙa hannu idan yana da hali, sannan ya bar maganar a inda aka faɗe ta.

Ga malamai da dattawa masu faɗa a ji, roƙona shi ne su juya bulalar. A yi huɗuba a kan mai watsa sirrin da aka ba shi amana, da mai dariyar kukan wani, da mai ɗaukar hoton gawa. A koya wa yara a makarantun boko da na Islamiyya cewa zauren waya zaure ne, yana da sallama, yana da ladabi, abin da aka ji a cikinsa ba a fita da shi. Wanda kuma ke ganin mutane sun cika kai kuka wurin baƙi, ga hanya mai sauƙi da zai rage abin: ya rage tsawon katangarsa, ya tambayi maƙwabcinsa yaya gida, idan an ce masa lafiya lau kada ya yi saurin tafiya, ya ɗan tsaya ya ji abin da zai biyo baya.